Kuɗin Cikin Jirgin Shaƙatawa da Batun Tagar Gidan Caca

A manyan jiragen ruwan shaƙatawa, irin masu tashi daga Miyami zuwa tsibiran Karebiyan ko daga Basalona su zaga Bahar Rum, ba a ciniki da tsabar kuɗi. Ko ruwan gora za ka saya, kati za ka miƙa. Ranar shiga ake ba kowane fasinja katin nan, kuma shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da komowa a kowace tasha, shi ne kuma aljihu. Kamfanin Carnival na kiran nasa Sail & Sign, na Royal Caribbean SeaPass, Princess kuwa tun 2017 ya fara maye gurbin kati da wani ɗan faifai da ake ratayawa a wuya ko a ɗaura a hannu, mai suna Medallion. Duk abin da ka saya yana hawa kan asusun ɗakinka, sai ƙarshen tafiya a haɗa lissafi a cira daga katin bankin da ka bayar, ko daga kuɗin da ka ajiye tun farko.

A cikin wannan asusu ne ake zuba abin da za ka gani an rubuta OBC a takardun tafiya, wato kuɗin da aka ba ka don ka kashe a cikin jirgi. Dala 50 ne, ko 100, wani lokaci har 300 ko fiye. Mutane da yawa suna ɗaukarsa kuɗinsu ne da ke jiransu, alhali galibinsa ya fi kama da garaɓasar katin waya: an ba ka, amma an gindaya abin da za ka yi da ita, ba ka iya tura wa wani, kuma ranar da wa'adi ya cika ta tafi.

Inda yake fitowa

Mafi yawa daga talla yake zuwa: ka kama ɗaki a lokacin da kamfani ke neman cika jirgi, sai a haɗa maka da shi. Ejan ɗin da ya yanka maka tikiti ma yakan gutsuro daga la'adarsa ya zuba maka, don ka dawo masa baɗi. Akwai wanda ake bayarwa idan ka biya kafin alƙalamin wata tafiyar tun kana cikin jirgi. Akwai na ban haƙuri, idan na'urar sanyaya ɗaki ta mutu ko wani abu ya lalace. Idan kuma iska ta hana jirgi tsayawa a wata tasha, harajin wannan tashar da ka riga ka biya a cikin tikiti yakan dawo maka ta asusun.

Wanda ba kowa ya sani ba shi ne na masu hannun jari. Manyan kamfanonin nan uku, Carnival Corporation da Royal Caribbean Group da Norwegian Cruise Line Holdings, suna ba duk wanda ya mallaki hannun jarinsu 100 wannan kuɗi a kowace tafiya. A jiragen Carnival masu ciniki da dala, dala 50 ne ga tafiyar kwana 6 ko ƙasa, dala 100 ga kwana 7 zuwa 13, dala 250 ga kwana 14 zuwa sama. Sauran biyun ma adadin kuɗin ke nan, sai ɗan bambanci wajen ƙidayar kwanaki. Ɗaki ɗaya ake ba, ba kowane kai ba, kuma sai ka nema da kanka makonni kafin tafiya, ka nuna shaidar mallaka. Ba wanda zai tuna maka.

Duk waɗannan sun kasu gida biyu, kuma wannan rabo shi ne gaba ɗayan maganar. Akwai wanda ake mayarwa idan ya yi saura, akwai wanda ba a mayarwa. Na talla da na hannun jari ba a mayar da su. Abin da ba ka kashe ba zuwa safiyar sauka ya bi ruwa. Harajin tashar da aka tsallake, da kuɗin yawon da ka biya kamfani ya soke, da kuɗin da wani ɗan'uwa ya saya maka kyauta, waɗannan asalinsu kuɗi ne da aka biya, don haka galibi suna dawowa. Na ejan yana iya faɗawa kowane gida: idan daga aljihunsa ya saya maka, yawanci mai dawowa ne, idan rabon da kamfani ya ba shi ne ya miƙa maka, ba ya dawowa. Tambaye shi tun kafin ka biya, kuma ya rubuta maka amsar.

Aikin ranar farko

Da ka ajiye jaka, buɗe asusunka a manhajar kamfanin ko a talabijin ɗin ɗaki. Za ka ga kuɗin a layin farko, sau da yawa da alamar ragewa a gabansa, alamar kai ne ke bin jirgi bashi. Wani lokaci ba ya bayyana sai kwana na biyu, musamman na ejan. Idan rana ta biyu ta faɗi bai fito ba, ɗauki takardar da aka rubuta alƙawarin ka tafi teburin kula da baƙi. Zai fi kyau takardar ta zama bugaggiya a hannunka, domin intanet a tsakiyar teku na kuɗi ne, kuma ba ka son tsayawa gaban ma'aikaci kana laluben saƙon imel da ya ƙi buɗewa.

A teburin, tambaya uku za ka yi. Nawa ne daga ciki mai dawowa, nawa ne marar dawowa? Wanne ake fara ci idan na yi sayayya? Me da me ba a yarda in biya da shi ba? A galibin kamfanoni marar dawowa ake fara ci, wanda hakan alheri ne gare ka, amma ka ji daga bakinsu. Sa'annan ka duba yadda aka raba shi. Kuɗin ɗaki akan tsaga shi biyu tsakanin mutum biyun farko da ke kan tikiti, sai miji ya yi ta kashewa yana zaton daga dala 200 ake cira, ashe nasa 100 ya ƙare tuni ya shiga katin banki, na uwargida kuwa yana nan ba a taɓa ba. Idan asusun haɗe yake, ba matsala. Idan a rabe yake, a ce su haɗa.

Katin bankin da za ka ɗaura wa asusun ma yana da tasa rigimar. Kamfani yakan riƙe wani adadi a kan katin tun ranar shiga, ya ƙara riƙewa yayin da kashe-kashenka ke hawa. A katin bashi ba ka jin zafin wannan sosai. A katin da ke cira kai tsaye daga ajiyarka kuwa, kuɗin yana daskarewa, kuma bayan an cire ainihin lissafin, wanda aka riƙe yakan ɗauki kwanaki ko makonni kafin banki ya sake shi. Mai katin naira, wanda dama banki ya yanka masa iyakar abin da zai kashe a ƙetare, yana iya wayar gari an rufe masa sayayya a tsakiyar teku. Katin asusun dala ya fi, ko kuma ka buɗe asusun da tsabar kuɗi a teburin baƙi. Ka kuma san kuɗin jirginka: jiragen Amurka dala ne, har Cunard; MSC da Costa yuro ne a Bahar Rum; P&O ta Ingila fam.

Yadda za a ci moriyarsa

Shawarata a nan gajeriya ce: ka kashe shi a kan abin da dama ba makawa sai ka biya. Na farko shi ne tukuicin ma'aikata, wanda ake ɗora wa kowane fasinja kullum, tsakanin dala 16 zuwa 20 a manyan jiragen Amurka. Mutum biyu, dare 7, a kan dala 18, ya kama dala 252. Idan kamfaninka ya yarda kuɗin cikin jirgi ya biya wannan, to kada ka biya tukuicin tun daga gida. Bar shi ya hau asusun, kuɗin ya cinye shi, magana ta ƙare. Royal Caribbean ya yarda. Norwegian ba ya yarda a biya shi da marar dawowa, kuma sharaɗin kuɗin masu hannun jari na Carnival ya fito fili cewa ba na tukuici ba ne, ba na gidan caca ba.

Bayan tukuici sai intanet, sai yawon gari a tashoshi, sai wanki da guga, sai gidajen abinci na musamman da ba sa cikin tikiti. Royal Caribbean na barin mutum ya yi amfani da kuɗin a shafinsa tun kafin ranar tafiya, inda intanet da yawo suka fi araha a kan farashin cikin jirgi. Ka lura da kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari da ake ƙarawa a kan abin sha da tausa da aski. Tausar dala 100 ba ta tsayawa a 100. Abin da na fi gani yana cutar mutane shi ne dala 50 ta ja su kantin agogo su kashe 400 saboda "ai an rage mini hamsin". Kamfanin da ya ba da kuɗin ya san da haka, shi ya sa ya bayar.

Neman tsabar kuɗi

Cikin jirgi kati ne, amma da ka taka ƙasa sai kuɗi. Ɗan dakon da ya karɓi jakarka a tasha, mai tasi a Nasso ta Bahamas, mai sayar da tsaraba a Kozumel, mai gyara maka ɗaki idan kana so ka damƙa masa wani abu a hannu, duk ƙananan takardu suke so. A Bahamas dalarsu daidai take da ta Amurka kuma ana karɓar duka biyun. A Kozumel ma dala na tafiya. A tashoshin Italiya da Sifaniya da Girka sai yuro.

Hanya mafi araha ita ce ka taho da abinka. Wanda ya yi canji a kasuwar 'yan canji ta Wapa zai taho da 'yan ɗari-ɗari sababbi ƙal, waɗanda mai tasi ba zai iya ba shi canji ba. Teburin baƙi na fasa su, tagar kashiyan gidan caca ma haka, kyauta, ba sai ka yi wasa ba. Sai dai a tuna cewa abin da ya haura dala 10,000 sai an bayyana shi ga kwastam a Amurka da Nijeriya, a Tarayyar Turai kuwa daga yuro 10,000.

Hanya ta biyu ita ce na'urar ATM ta jirgi, wadda galibi za ka same ta a bakin gidan caca ko kusa da teburin baƙi. Tana cirar kusan dala 6 ko 7 a kowace cira, ban da abin da bankinka zai ɗora. Idan katin bashi ka sa mata, banki na lissafa shi a matsayin rancen kuɗi, da cajinsa daban, kuma kuɗin ruwa na fara hawa daga ranar.

Hanya ta uku ita ce wadda ake ta raɗe-raɗinta tsakanin tsofaffin matafiya: karɓar kuɗi a gidan caca a ɗora a kan asusun ɗaki. Dalilin da ya sa take da farin jini biyu ne. A wurin bankinka, lissafin jirgi gaba ɗaya sayayya ce guda daga kamfanin jirgi, don haka ba ya shiga sahun rance. Sa'annan tun da asusun ɗaki ne ake cira, idan akwai kuɗin cikin jirgi a ciki, shi ake fara taɓawa, har da marar dawowa a jiragen da ba su toshe wannan ƙofa ba.

Ga yadda ake yi. Ka je tagar kashiya, wadda take can ciki bayan layukan na'urori, da gilashi ko ƙarafuna a gabanta. Ka miƙa katin ɗaki, ka faɗi adadi, ka sa hannu a rasit, a ƙirgo maka. A kan wannan ana cire la'ada: an daɗe da sanin Royal Caribbean da kashi 5 cikin ɗari, Norwegian da kashi 3, kuma akan yafe wa waɗanda suka kai wani matsayi a ƙungiyar 'yan wasan kamfanin. Akwai iyakar abin da za ka karɓa a rana. Waɗannan ƙa'idoji suna sauyawa ba tare da shela ba, don haka tambayi kashiya kafin ka sa hannu.

Ɗaya siffar ita ce ta kan na'urar caca. Ka zura katin a ramin da ke gaban na'urar, ƙaramin allo ya gaishe ka da sunanka, ka shigar da lambar sirri, ka zaɓi turo kuɗi daga asusun ɗaki, ka danna adadi. Kuɗin ya bayyana a babban allo. Idan ka danna maɓallin fita, sai ya koma asusun wasa da ke kan katin ko na'urar ta tofo tikiti, ka kai taga a ba ka takardun dala. A wasu jiragen wannan hanya ba ta da la'ada, shi ya sa aka yi ta binta, shi ya sa kuma kamfanoni suka farga. Kwamfutar na ganin wanda ya loda ɗari biyar ya cire ɗari biyar bai juya ko sau ɗaya ba. Wasu jiragen sai su cire la'adar a taga, wasu su ce sai an yi wasa da wani kaso, wasu su hana katin lodawa har ƙarshen tafiya.

Lissafin ATM da taga mai sauƙi ne. A ce ATM na cin dala 6.5 ko nawa ka cira, taga kuma kashi 5. A dala 130 suke yin kunnen doki. Ƙasa da haka taga ta fi sauƙi, sama da haka ATM. Idan kashi 3 ne, sai wajen dala 217 suke haɗuwa. Wanda kuma ya rage da dala 100 marar dawowa, kuma jirginsa ya yarda, kada ya ce a ba shi 100, domin da la'ada zai zama 105, biyar ɗin ta faɗa katin banki. Dala 95 zai nema.

Inda aka ce sai an yi wasa, nan ne maganar ta sauya launi. Ga Musulmi hukuncin caca ba ɓoyayye ba ne, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta yanke shi, kuma kasancewar kuɗin kyauta aka ba ka bai mai da juya na'ura wani abu daban ba. Fasa ɗari a taga canji ne, amma danna maɓallin juyi caca ce. Batun biyan dala 105 don a ba ka 100 ma abin a kai wa malami ne kafin tafiya, ba a tsaye gaban kashiya ba. Ko a ajiye addini gefe, lissafin bai goyi bayan mai wasa ba. A teburin rulet mai sifiri biyu, irin na jiragen Amurka, rabon gida kashi 5.26 ne cikin ɗari na duk abin da aka ɗora, kuma na'urori galibi sun fi haka ci. Wannan kason yana cizo ne a kowane zagaye, ba sau ɗaya ba, don haka wanda ya zauna "don ya wanke" dala 100 yana biyan la'adar taga sau da yawa a cikin sa'a guda. An kuma tsara wurin yadda ba agogo a bango, kuma a jirage da yawa hanyar ɗakin cin abinci zuwa zauren wasanni ta tsakiyarsa take ratsawa. A ganina, dala 40 da ta yi saura gara ta tafi a turare ko cakulan ɗin yara.

Wasu jiragen ma ba su da gidan caca sam. Na Disney ba su da shi. Pride of America na Norwegian, mai zaga tsibiran Hawai, ba shi da shi, saboda jihar ta haramta caca kuma jirgin ba ya nisa da ruwanta. Aroya na Saudiyya, wanda ya fara tashi daga Jidda a Disamban 2024, babu caca babu giya a cikinsa. A irin waɗannan, ATM da teburin baƙi da abin da ka taho da shi su ne kawai.

Lokaci, da daren ƙarshe

Gidan caca ba ya buɗewa sai jirgi ya fita daga ruwan ƙasa, wanda a dokar teku ta 1982 ya kai mil 12 na ruwa daga gaɓa. Jirgi na tsaye a tasha, tagar kashiya a rufe take, kantunan da ba a biyan haraji ma haka. Akwai 'yan wuraren da suka sassauta, kamar Bamuda, wadda tun 2013 ta ba jiragen da suka kwana a tasharta damar buɗewa daga ƙarfe 9 na dare zuwa 5 na asuba. Abin da wannan ke nufi shi ne, idan gobe da safe kana buƙatar kuɗin tasi, yau da dare za ka nema.

Kada ka bar lissafi sai daren ƙarshe. A wannan dare layin teburin baƙi yakan miƙe har bakin lif, kowa da takarda a hannu yana musun kofin shayin da bai sha ba, jakunkuna jere a ƙofar ɗakuna. Kwana biyu kafin sauka ka duba abin da ya rage, ka cire tukuicin sauran kwanakin da bai hau ba tukuna, sa'annan ka san ainihin saura. Idan marar dawowa ne, ka shiga kanti tun da rana, domin da jirgi ya kusanci gaɓa za a ja ƙofa, kuma safiyar sauka ba a buɗewa. Tikitin na'ura ko kwandalar roba ta tebur da ta rage a aljihu ma a daren za a canja ta, kafin taga ta rufe.

Mai dawowa kuwa ya danganta da yadda ka buɗe asusun. Idan da kati ne, zai koma katin bayan wasu kwanaki. Idan da tsabar kuɗi ne, je ka karɓa a hannu a teburin baƙi kafin ka sauka. Wasu kamfanonin Amurka cak suke aikowa ta gidan waya ga wanda bai karɓa ba, kuma cak ɗin bankin Amurka na dala 60 da aka aika Zariya ko Maraɗi, ko ya iso, kuɗin da banki zai caje ka kafin ya karɓo shi na iya cinye rabinsa. Ka karɓi bugaggen lissafin ƙarshe, ka ajiye shi har sai ka ga bankinka ya saki duk abin da aka riƙe.